GIDAN TURARE A ƘASAR HAUSA: ASALINSA DA YADDA AKE SANA'ARSA

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa raka amarya ɗakin mijinta a Surko, ko Birnin Kudu, ko Gwaram, ya san cewa tun kafin ƙafarsa ta taka dokin ƙofa ƙamshi ya riga ya tarye shi. Labule na ƙamshi, shimfiɗa na ƙamshi, ita kanta amaryar ko kusa da lulluɓinta ka gifta sai ƙamshin ya bi ka har gida. In ka tambayi ƙawayenta inda aka samo wannan turare, amsar ba ta wuce a ce maka, "Wajen mai turare aka yi sautu." Ita kuwa mai turaren nan galibi ba ta da kanti, ba ta da allo a ƙofar gida. Mace ce a cikin ɗakinta, da turminta, da tukunyarta, da kaskon wuta, da 'yan kwalabe jere a ƙarƙashin gado. To, wannan ɗaki shi nake nufi da gidan turare a cikin wannan maƙala.

A ƙasar Faransa, musamman a garin Grasse da birnin Faris, akwai ƙananan gidajen turare waɗanda ba su yin kaya da yawa, sai kaɗan mai kyau. Kowane gida ya san shekarar da aka kafa shi da sunan wanda ya kafa shi, har an rubuta littattafai a kan waɗansunsu. Namu gidajen kuwa tarihinsu a bakin tsofaffi yake, in tsohuwa ta kau sai ta tafi da rabonta. Saboda haka na ga ya kyautu a bi sawun wannan sana'a tun ana iya ganinsa. Mai karatu zai ga cewa abin da ke cikin kwalbar mai turare ta hanyoyi huɗu ya iso mata: ta dajinmu, da ta hamada, da ta hanyar gabas wadda alhazai ke bi, da kuma ta teku. Zai kuma ga cewa ta farkon, wadda ita ce tamu ta gado, ita ce ta fi kusa da toshewa.

KALMAR TURARE

Kafin a shiga tarihi, yana da kyau a dubi kalmar kanta. Turare dangin turara ce da tururi, watau dukkansu suna nuni ga abin da ke tashi sama daga wuta ko daga ruwan zafi. Wannan ya nuna mana cewa turaren farko da Bahaushe ya sani na hayaƙi ne, wanda ake barbaɗawa a kan garwashi. Sai da na ruwa ya yawaita a kasuwa sa'an nan aka bukaci a bambanta, aka riƙa cewa turaren wuta. Abin sha'awa, kalmar da Faransawa da Ingilishi ke kiran turare da ita daga Latin ta fito, ma'anarta kuwa abin da ya zo ta hanyar hayaƙi. Ke nan da mu da su duk daga kasko aka fara.

In aka dubi sunayen kayan haɗin kuma, sai a ga sun rabu gida biyu. Akwai na gida kamar kajiji, da jema, da hano. Akwai kuma na aro daga Larabci kamar almiski, da ambar, da wardi, da lubban, da kanumfari, da jibda, da humra. Jawul ma daga sunan da Larabawa suka ba wani ƙaro ne da ake samowa daga tsibiran Indunusiya, suna jingina shi ga Jawa. Sunan kaya yakan tona asirin hanyar da ya biyo, don haka waɗannan kalmomi su ne shaidunmu na farko.

ABIN DA DAJI YA BAYAR

Kajiji ciyawa ce ta fadama da bakin tafki. Ba ganyenta ake so ba, 'ya'yan da ke jikin saiwarta ake tonowa, a wanke, a shanya, a daka. Mata kan sa shi cikin adaka don tufafi su yi ƙamshi, su kuma zuba garinsa a wuta. Jema ma a fadama take fitowa. Da karanta ake saƙa da jinka, ƙamshinta kuwa a saiwa yake. 'Yar'uwarta ta Indiya ita ce ake tatsar mai daga saiwarta a ƙasar Haiti, a kai wa manyan gidajen turare na Turai, alhali tamu ba ta wuce jinka ba.

Hano itace ne mai son wurin duwatsu, irin ƙasar da ta miƙa daga Birnin Kudu zuwa Gwaram har Ningi. Ɓawonsa na ɓarewa kamar takarda, in aka sare shi kuma sai ya fid da ƙaro mai ƙamshi. Ɗan'uwan itacen lubban ne na Oman da Somaliya, gida ɗaya suka fito. Ana turara ɗaki da tufafi da ƙaronsa, ana korar sauro da ƙuda da hayaƙinsa, ana kuma dafa ɓawonsa don magani. Wani likita Bature, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen itatuwanmu da Hausa ya buga a 1916, ya kuma buga babban littafinsa na amfanin tsirrai a 1937. Sunan da masana kimiyya ke kiran hano da shi a yau yana ɗauke da sunan wannan likita.

Amma a cikin kayan gida babu mai daraja kamar jibda, wadda waɗansu ke kira juda. Wani maiƙo ne mai kama da man shanu, wanda tunkun jibda ke tarawa a wata 'yar jaka kusa da gindin wutsiyarsa. In ka shinshina ta zalla sai ka kau da kai don wari, amma in aka ɗan lakata aka gauraya da mai da yawa, sai ta koma ƙamshi mai daɗewa a jikin tufa. Kada mai karatu ya ɗauka a daji kawai ake tsintar ta. Kiwon tunkun ake yi. Lokacin da Bature Hugh Clapperton, wanda mutanenmu suka kira Abdullahi, ya je Sakkwato a 1824, ya ziyarci Atiku, ƙanen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda shi ma ya zama Sarkin Musulmi a 1837. Ya ba da labarin cewa Atiku na da tunkun jibda 200, kowanne a cikin kejinsa na itace, ana ciyar da su da dakakkiyar dawa da busasshen kifi da aka cura. Bayan kowane kwana biyu da safe sai a matse dabbar a kusurwar keji, a danne kanta da sanda, a kwashe jibdar da makankari. Mutumin da ya ajiye dabbobi 200, da masu ba su abinci, da masu kwasar maiƙon, ai masana'anta gare shi. Wannan ita ce tsohuwar shaida da ke nuna cewa ƙasar Hausa ta taɓa zama mai samar da kayan turare na ƙwarai da kanta.

HANYAR HAMADA

Hanya ta biyu ita ce ta ayarin raƙuma. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwar Kurmi, kuma fataken Gadamas da Tarabulus suka mai da Kano masaukinsu. Har yanzu akwai unguwar Dandalin Turawa, wadda sunanta ya samo asali daga Larabawan nan, don a wancan zamani su ake kira Turawa.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya kuma yi ƙiyasin kayan da ke shiga kasuwarta a shekara. A cikin lissafinsa ya ce lubban da kayan ƙamshi, musamman jawul da kanumfari da wata saiwa da ake kira sumbul, sun kai na wuri miliyan 15. Man wardi shi kaɗai ya ƙiyasta shi a kan wuri miliyan 40. A lokacin wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa ɗaya, ke nan man wardin ya tasam ma dala 16,000. Daɗin daɗawa, ya lura cewa kaɗan ne daga wannan mai ke fitowa kasuwa, yawancinsa a ɓoye ake sayar wa sarakuna da manyan mutane, ko a kai musu gaisuwa da shi.

Wannan bayani ya nuna mana yadda aka raba ƙamshi a wancan zamani. Turaren ruwa na fada ne da gidajen attajirai da manyan malamai. Talaka a ƙauye, kamar waɗanda ke ƙarƙashin Sarkin Kudu, ƙamshinsa bai wuce kajiji da hano ba, sai ɗan kanumfari ko jawul da ɗan koli ya kawo ran kasuwa. Amma kowa na bukata gwargwadon ƙarfinsa, domin addini ya kwaɗaitar da shafa turare ran Juma'a da ranakun Idi, ana kuma turara likkafani. Al'ada ita ma ta sa shi cikin lefe, da kamun amarya, da ɗakin mai jego. Tun daga haihuwa har kabari Bahaushe bai rabu da turare ba.

HANYAR GABAS

Hanya ta uku ita ce ta kawo dabarun haɗi waɗanda masu turare ke taƙama da su a yau. Kafin jirgin sama, mai niyyar aikin hajji yakan bi ta Borno, ya ƙetara Wadai da Darfur, ya isa Hartum, sa'an nan ya gangara Sawakin ko Fot Sudan ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ɗauki shekaru, ana yi ana tsayawa ana noma ko ƙodago don neman guzuri. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, jama'a da yawa sun bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Tun daga nan zumunci bai yanke ba tsakanin Hausawan can da na nan.

Matan Sudan kuwa gwanayen ƙamshi ne. Su ke da humra, su ke da zama a kan ramin hayaƙi na itacen dushe kafin biki. Kalmar humra a Larabci daga tushen da ke nufin a rufe abu a bar shi ya tsumu ta fito, kuma wannan shi ne sirrin yin ta. Kayan haɗinta sun haɗa da sandal na Indiya, da mahalab, da kanumfari, da almiski, da farce. Shi farcen nan ba na mutum ba ne, ba na dabba ba. Murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, wanda ake samu a Bahar Maliya, kamarsa da farce ce ta jawo masa sunan.

Da yake Borno ita ce ƙofar wannan hanya, matan Barebari da na Shuwa su suka fara ƙwarewa, har ya zama in ana son a yabi turaren wuta sai a ce ɗan Maiduguri ne. Daga can sana'ar ta yi yamma ta hannun aure, da fatauci, da alhazai masu dawowa. Birnin Kudu kuwa a kan tsohon titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Wudil ya nufi Kari da Potiskum da Maiduguri take, saboda haka abin da ya fito daga gabas ba ya rasa ratsa wannan yanki.

HANYAR TEKU

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, layin dogo kuma ya iso a 1911. Daga nan fataucin hamada ya durƙushe, kayan da ke zuwa a bayan raƙumi suka koma zuwa ta Ikko. A daidai wannan zamani kuma wani babban canji ya riga ya faru a Turai. Masana haɗa sinadarai sun gano yadda za su ƙirƙiro ƙamshi ba tare da fure ko dabba ba. A 1868 William Perkin ya haɗa wani sinadari mai ƙamshin sabuwar ingirici, a 1888 Albert Baur ya yi almiskin farko na ɗakin gwaji, a 1926 kuma Leopold Ruzicka ya warware yadda ƙwayar ƙamshin jibda da ta almiski suke. Sakamakon haka turaren ruwa ya yi arha, abin da dā sai sarki ya zama ɗan kwalba a faifan ɗan koli.

Babban misali shi ne Bint el Sudan, wanda muke kira Binta Sudan. Kamfanin W. J. Bush na Landan ne ya fito da shi a 1920, shekara guda kafin Chanel No. 5 na Faransa. Labarin da aka saba bayarwa shi ne, wakilin kamfanin, Eric Burgess, ya je Hartum, waɗansu manyan ƙasar suka kawo masa kayan ƙamshin da suke so a haɗa musu wuri ɗaya, ya kai Landan aka haɗa. An yi shi da mai ba tare da barasa ba, abin da ya sa Musulmi suka karɓe shi hannu bibbiyu, alhazai da fatake suka yaɗa shi daga Sudan har Afirka ta Yamma. Tun farkon shekarun 1950 aka fara ɗura shi a kwalba a Kano. Kamfanin Bush ya haɗe da waɗansu ya zama Bush Boake Allen a 1966, a shekarar 2000 kuma kamfanin IFF na Amurka ya saye shi, kamfanin Gongoni na Kano ya riƙa yin turaren da izininsu. A lura da abin da ya faru a nan: hancin mutanen Afirka ne ya zaɓi ƙamshin, amma sirrin haɗin da sunan suka zama mallakar wani kamfani a ƙetare.

Da Binta Sudan, da ɗan goma, da ɗan duwala, da ire-irensu, ba su kashe sana'ar mata ba. Sai ma suka zama kayan aikinsu. Mai turare ta daina dogara ga jibda da wardi masu tsada, ta koma jiƙa itacenta da madarar turare ta kwalba.

YADDA AKE HAƊI

Yanzu bari mu shiga ɗakin mu ga aikin. Mai haɗa turaren wuta takan fara da itace, ko sandal, ko hawi, ko gabgab, ko dorot. Za ta faskara shi ƙanana, ta tsince datti, ta shanya ya bushe sarai, domin itace mai laima ba ya shan mai. Sa'an nan ta zuba shi a mazubi mai murfi, ta kwarara masa madarar turare iri-iri, ta rufe ta bar shi kwanaki, wata ma makonni, tana juyawa lokaci lokaci.

Kafin ranar dahuwa za ta gyara farce, wanda shi ne aiki mafi wuya. Ɗanyen farce ƙarni gare shi kamar kifi. Sai an kankare ragowar naman da ke jikinsa, an jiƙa, an wanke sau da yawa, an shanya, sa'an nan a soya shi cikin yashi mai zafi har ya yi ƙaras-ƙaras, a daka ya yi laushi. In aka yi ganganci wajen wankin, ƙarnin zai ɓata tukunya duka. In aka soya ya ƙone, ƙauri zai maye gurbin ƙamshi. Amfaninsa shi ne riƙe ƙamshi, watau ya hana shi saurin gudu, aikin da jibda da almiski ma ke yi.

Ran dahuwa sai ta narka sukari da ɗan ruwa a wuta marar ƙarfi, ta matsa lemon tsami don kada ya daskare ya koma tsakuwa. In ya yi danƙo sai ta juye jiƙaƙƙen itacen ta yi ta juyawa har kowane ɓallo ya samu. Daga nan ta barbaɗa garin kajiji, da farce, da jawul, da almiski, ta sauke. Turaren da ya fi tsada ba a sa shi a kan wuta, sai tukunya ta huce, domin zafi na kore shi. Sukarin kuwa ba don zaƙi ake sa shi ba. Shi ke lulluɓe itacen ya kulle man a ciki, ya kuma sa ya riƙa ci sannu sannu a kan garwashi yana ba da hayaƙi maimakon ya kama da wuta. Bayan haka sai a ɗura a kwalba a rufe, a manta da shi, domin sabon turare kaifi gare shi, sai ya kwana biyu yake kwantawa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Humra iri biyu ce, fara da baƙa. Farar ta dogara ga dakakken almiski da ake jiƙawa cikin turaren ruwa. Baƙar ta fi wahala: ana kwaɓa garin sandal da mahalab da kanumfari da farce, a shafa kwaɓin a cikin kwano, a kifa shi a kan hayaƙin sandal, a juya, a sake kifawa, har hayaƙin ya ratsa shi ya yi duhu. Sa'an nan a zuba a kwalba tare da turarukan ruwa, a rufe a bar shi ya tsumu. Na tufafi kuwa, kabbasa ake kifawa a kan kasko, a shimfiɗa kayan a kai su sha hayaƙi.

A duk wannan aiki babu sikeli, babu littafi. Ma'aunin shi ne murfin kwalba, da tafin hannu, da hanci. Shi ya sa mata biyu za su sayi kaya iri ɗaya a rumfa ɗaya, amma turarensu ya bambanta, har mai saye ya ce hannun wance ya fi. Kowane gida da sirrinsa, uwa ke koya wa 'ya, ko uwargida ta koya wa 'yar riƙo, ba a faɗa wa baƙo.

CINIKIN CIKIN GIDA

Mai karatu na iya tambaya, yaya mace da ke cikin kulle take sayar da kayanta? Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta yi rubutu a 1969 a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki, watau kasuwar da matan aure ke ci daga gida zuwa gida ta hannun yara da dillalai. Turare na daga cikin kayan da suka fi dacewa da irin wannan kasuwa, don ba shi da nauyi, ba ya lalacewa, kuma shi ke yi wa kansa talla. Mace ta je barka ko biki, 'yar'uwarta ta ji ƙamshi ta tambaya, ciniki ya faɗa.

A garuruwa irin su Surko, mai turare kan ba da sautun kayan haɗi ga mai zuwa Kano, ko ta saya a hannun 'yan koli a kasuwannin yankin kamar ta Sara da ta Babaldu. Kasuwarta na buɗewa da kaka, in an girbe amfanin gona aka shiga bukukuwa, da kuma gabanin salla. Da ribar take zubin adashi, ta sayi akuya, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki. Ke nan gidan turare rumbu ne na mata, wanda ba ya shiga lissafin hukuma.

HALIN DA AKE CIKI

Ta fuskar ciniki, sana'ar ba ta taɓa bunƙasa kamar yanzu ba. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya tarwatsa iyalai da yawa daga Borno zuwa Kano da Jigawa da Bauchi da Abuja, matan kuma suka tafi da sana'arsu a hannu. 'Yan mata masu ilmin boko sun shiga, sun sa wa kayansu suna da tambari, suna tallarsu a WhatsApp da Instagram, waɗansu har sun yi rajista da hukumar NAFDAC. Wannan abin farin ciki ne.

Amma in aka buɗe kwalbar aka tambayi kowane abu garinsu, sai murna ta ragu. Madarar turare daga Dubai, ko Indiya, ko Faransa, ko Suwizalan take zuwa. Sandal da farce da mahalab duk baƙi ne. Saboda haka da darajar naira ta faɗi bayan an sake ta a watan Yuni na 2023, farashin kayan haɗi ya yi tashin gwauron zabo. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na wannan shekarar kuma ya ragargaza Hartum da Omdurman, inda dā ake saro kaya. Kiwon tunkun jibda ya zama labari a wurinmu, Habasha ce ta riƙe wannan kasuwa, su ma manyan kamfanonin Turai yawancinsu sun koma ga ta ɗakin gwaji. Fadamun da kajiji da jema ke fitowa an mai da su gonakin shinkafa da lambuna, hano kuma ana ɓare shi don magani ba a dasa wani. Abin da ya rage namu tsantsa shi ne hannun mai haɗi da hancinta. Su ma in yarinya ta koyi sana'ar a waya cikin kwana uku, abin da ta koya zuba wannan a kan wancan ne, ba ta san yadda ake gane kajiji mai kyau ko gyaran farce ba.

KAMMALAWA

Mun ga cewa turaren Bahaushe daga hayaƙi ya faro, da kajiji da jema da hano da jibda. Hamada ta ƙara masa wardi da jawul da kanumfari, hanyar gabas ta kawo humra da farce da sandal, teku ta kawo kwalba. Duk waɗannan a ɗakin mace suka haɗu suka zama abu guda. Aro ba aibu ba ne, kowace al'umma na yi. Aibun shi ne mai aro ya wayi gari ba shi da nasa ko ɗaya.

Don haka ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan Birnin Kudu da Gwaram da kewaye, in an tafi hutu a zauna da iyaye da kakanni mata da alƙalami a hannu. A tambaye su da me ake turara ɗakin amarya kafin zuwan kwalba, a wace fadama ake tonon kajiji, a wane wata, wa ya koya musu, ita kuma wa ya koya mata. A rubuta sunayen itatuwa da saiwoyi yadda suke faɗa, ko da ba su cikin ƙamus. 'Yan'uwanmu na sashen kimiyya kuma su gwada tatsar man jema da na hano su ga abin da zai fito. Clapperton ziyara kawai ya kai gidan Atiku, amma don ya rubuta abin da ya gani, yau sama da shekara 200 muna ƙirga tunkunan. Mu da aka haifa a cikin gidajen ba mu da hujjar barin namu ya bi iska. Allah ya ba mu ikon yi, amin.